Gada ma tana motsi

Mutane na ɗauka siminti in ya bushe shikenan, alhali gada kamar ta Gulbin Maradi tana iya nutsewa kaɗan-kaɗan, ido bai gani. Damina ta zo ruwa ya kwashe yashin gindin ginshiƙai, ga kamiyo masu lodi na bi dare da rana. Masu awon ƙasa, ƴan topo, sukan kafa borne, wato alamar da awo ke farawa daga gare ta, can nesa wurin da ƙasa ba ta motsi, su manna alamu jikin gadar, su ɗora nibo (na'urar awon tudu da gangare) ko GPS su auna har milimita, bayan watanni su dawo su gwada da awon farko. Kuma da sassafe suka fi yi, don zafin rana na buɗa siminti ya ɓata lissafi. Ni dai ina ganin benayen da ake ta ginawa kewayen babbar kasuwa ma sun cancanci wannan awo, tun kafin bango ya tsage.