Tafkin da na ɓata da hannuna

Har yau in na tuna zanen nan sai raina ya sosu wallahi. Wata na huɗu kenan ina koyon fentin ruwa, kuma ranar ce karon farko da tsaunuka suka fito min yadda nake so, na can nesa na sa musu shuɗi mai ruwa-ruwa kamar hazo ya lulluɓe su, na kusa kuma na haɗa ultramarine (wani shuɗi mai duhu) da burnt sienna (ruwan ƙasa mai ja-ja) suka ba ni toka-toka mai nauyi. Saura tafki kawai.

Na jiƙa wurin da ruwa zalla, na ja kala a kwance, na sauko da inuwar tsaunin cikin ruwan ta ɗan bazu da kanta, abin gwanin sha'awa. Da na tsaya a nan da shikenan. Sai idona ya kai wani gefe na ga kamar bai yi duhu ba, alhali sheƙin takardar ya fara ɗaukewa, ba ta jiƙe ba kuma ba ta bushe ba, na tsoma buroshi a ruwa na ɗan ɗibi kala na ɗiga a wurin. Ina ji ina gani ruwan ya ture kalar da ke kwance, ya buɗe wani farin tabo mai duhun baki a tsakiyar tafkin. Na danna tishu, na goga, na sake gogawa, fuskar takardar ta fara tashi, kalar ta koma kamar laka, har ƴan layukan farin takarda da na bari don ƙyallin ruwa suka tafi, kuma a fentin ruwa farin takarda in ya tafi da wuya ya dawo. Aikin awa uku.

Abin da ya faru shi ne ruwan buroshina ya fi na takardar yawa, dole ya malala ya kwashe kalar zuwa gefe. Abin da ya fi min ciwo, da na yi haƙuri ta bushe ƙarau, shafi ɗaya siriri a kai ya isa ya gyara wurin.

Yanzu kafin in taɓa sai na karkata kai na kalli takardar ta gefen haske. In tana sheƙi zan iya ƙarawa, amma da kala mai kauri, buroshin a matse. In sheƙin ya ɗauke to na ajiye buroshi kenan, na kan tashi ma daga wurin don na san hannuna. In na dawo sai in ɗora bayan hannu, matuƙar da sanyi-sanyi akwai sauran danshi. Takardar auduga mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, tana ba ka ƙarin lokaci gaskiya, amma ita ma wannan gaɓar ba ta yafewa.

Sau biyar na sake zana tafkin nan. A na biyar ruwan ya kwanta lafiya lau, sai dai tsaunukan ba su sake fitowa kamar na ranar farko ba.