Laraba: Rabi na neman dawowa, ni ina neman tafiya

Yau sai bayan azahar na shiga shagon magani. Na roƙi mai shagon rabin yini, saboda Rabi ta sauka daren jiya daga arewa, kuma ta ce ba za ta bi ofis-ofis ita kaɗai ba. Makarantar koyon aikin jinya ɗaya muka yi, amma ta riga ni fita, kuma ta taki sa'a: rukuninsu ya samu shiga aikin gwamnati, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a wajejen Salaga, a arewacin Ghana. Ni kuwa na ci jarrabawar hukumar nas-nas da ungozomomi, na karɓi lambar lasisi, na yi shekarar hidimar ƙasa, ga ni a unguwar Aboabo ta Kumasi ina sayar da farasitamol da maganin tari ina jiran fostin, wato gwamnati ta tura ni wurin aiki.

Mun sha koko da ƙosai a bakin titi, muka hau pragya, babur mai ƙafa uku, zuwa kasuwar Kejetia, sauran muka taka. Rabi ta rungume fayil ɗinta a ƙirji har muka isa. A ciki akwai takardar aure, da takardar haihuwar ɗanta, da wasiƙar da ta rubuta tana roƙon a dawo da ita Kumasi. Mijinta makanike ne a Suame, yaron yana hannun surukarta, bai cika shekara uku ba.

Matar da muka tarar a ofishin hukumar lafiya ba ta wulaƙanta mu ba, gaskiya. Ta cire tabarau ta yi mana bayani dalla-dalla. Canjin wurin aiki daga yanki zuwa yanki sai da takarda biyu: shugabannin can su sake ki, na nan su yarda akwai gurbi. Na can ba sa son sakin mutum sai sun ga wanda zai maye shi, domin idan nas ɗaya ta tafi wani lokaci rabin ma'aikatan ɗakin ke nan. Na nan kuma takardun masu son shigowa Kumasi sun yi tsiri a kan tebur. Ta ce hanya mafi sauri ita ce Rabi ta samo wadda za su yi musaya.

Sai Rabi ta juyo ta kalle ni, na kalle ta, muka fashe da dariya a gaban matar. Ga mai son zuwa a tsaye kusa da ita, amma ba dama. Musaya sai tsakanin ma'aikata biyu masu lambar albashi, ni kuwa gwamnati ba ta san da zamana ba tukuna.

Wannan shi ne abin da mutanen unguwa ba sa ganewa idan suna tambayata, "Nas, har yanzu?" Asibiti ba ya ɗaukar mutum don kawai yana buƙatarsa. Sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da kiliyarans, wato ta amince akwai albashin mutum kaza, sannan Ma'aikatar Lafiya ta buɗe rajista ta intanet, kowa ya shiga ya zaɓi inda yake so, kuma bisa shekarar kammalawa ake bi. Tun da ƙasa ta shiga matsalar bashi, har ta kai ga karɓar rancen dala biliyan 3 daga Asusun Lamuni na Duniya a 2023, kowane sabon albashi sai an auna shi. Makarantu kuma ba su daina yaye mu ba. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin gina asibitoci 111 a 2021 muna aji, mun yi ta lissafin nas nawa kowanne zai ci. Lissafin ɗalibai.

A hanyar dawowa muka zauna a rumfar wata mai waken safe, Rabi ta ba ni labarin aikin da bakinta. Su biyu ne da ungozoma idan dare ya yi. Ita ce mai allura, ita ce mai awon ciki idan ungozoma ta je gari, ita ce mai cike takardun inshorar lafiya. Wata rana aka kawo mai naƙuda a bayan babur mai ƙafa uku tana zubar da jini, wuta ta ɗauke, yaron da ya rako ta shi ya riƙe fitilar waya har aka samu jijiya aka ɗaura ruwa, kafin a nemo motar da za ta wuce da ita Tamale. Ta ce hannunta ya ƙware a can fiye da duk abin da muka koya a manyan asibitoci, inda ɗaliba sai ta yi yini tana leƙe ta kafaɗar wasu. Ta ce kuma tsofaffi da sun ji ta yi Hausa sai su saki jiki su faɗi ainihin abin da ke damunsu, har da jiƙon da suka sha kafin su zo. Ba aikin take gudu ba. Ɗanta ne ya fara kiran kakarsa Mma.

Muna zaune saƙo ya shigo zaurenmu na WhatsApp: wani wai yana da hanya a Accra, a tura masa kuɗi ta MoMo, wato ta wayar hannu, ya sa sunan mutum a jerin farko. Ko hoton fuskarsa babu. Abin takaici, na san akwai waɗanda za su tura, domin zaman jira yana cin hankali. Wasu kuma a zauren ba su da zance sai jarrabawar Turanci ta zuwa Ingila. Ba na ganin laifinsu. Gwamnati da kanta ta tura nas 95 Barbados a 2020. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Ghana cikin ƙasashe 55 da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya a jerinta na 2023, alhali ga mu da lasisi muna ƙirga ƙwayoyin magani a shago. Kuma masu tafiyar galibi ƙwararru ne, waɗanda ya kamata mu koya a hannunsu.

Da daddare na gaya wa Mma cewa idan aka buɗe rajista zan zaɓi yankin Savannah, inda Salaga take. Ta ajiye muciya.

"Ke da wa kika yi shawara?"

"Mma, can ne ake samun gurbi. Kumasi kowa ke so."

"To mijin da zai bi ki can, kin samo shi?"

Baba Alhaji yana kan buzu yana jan carbi, na ɗauka ba ya ji. Sai ya ce kakansa ta Salaga ya biyo da fataucin goro, yaƙin basasar 1892 ne ya watsa su, wasu suka yi Kete Krachi, wasu Yeji, wasu daga baya suka gangaro nan. Ya fara lissafo mini hanya: Ejura, Atebubu, Yeji, a hau jirgin fito a ƙetare tafkin Volta zuwa Makango. Mma ta ce ita ba tarihi ta tambaya ba, ruwan nan ma shi ne abin da ba ta so. Ya ce akwai hanyar Tamale, sai dai zagaye. Ta ce, "Alhaji, kai ma ɗaure mata gindi kake yi." Ya koma carbinsa.

Ba a yanke komai ba. Rabi za ta koma ranar Lahadi, ta bar mini kwafin wasiƙarta in riƙa leƙa mata ofishin. Na ce ta tambayar mini kuɗin hayar ɗaki a can, da kuma ko akwai ruwan famfo a gidan da take.