Tamfol ya cuce ni, buhun albasa ya fitar da ni kunya

Jama'a masu murhun garin katako, yau da safe na cusa hannu cikin buhun ɓarɓashin katakona har gwiwar hannu na ji shi a bushe ƙayau, ba ɗumi ba wari, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai.

A watan Yuni ne na kwaso buhu 24 na ɓarɓashin katako daga kasuwar Katako, wai in tara kafin hunturu, don kun san sanyin Jos a Disamba, dafa ruwan wanka kaɗai ya isa ya talauta mutum da sayen gawayi. Na zazzage su a bayan gida tsibi ɗaya, na sayo tamfol naira 18,000 (har yanzu kuɗin nan na min ciwo) na lulluɓe ruf har ƙasa na danne da bulo, a ganina na gama da ruwan Agusta. Ashe da hannuna na kulle ruwan a ciki. Katakon ɗanye ne, kusan rabin nauyinsa ruwa, ban shanya ba, to da na ɗaga tamfol bayan sati biyar sai tururi ya buge ni, tsakiyar tsibin zafi kamar tuwon da aka sauke yanzu, sama kuma jiƙe sharkaf, don gumin in ya tashi ya bugi tamfol dawowa yake ya ɗiga. Fumfuna fari fat ko'ina. Abin haushin, zafin nan da na ji ai shi ne wutar da zan yi girki da ita, fumfuna ke cinye min katakon a tsaye. Wanda na gwada a murhu hayaƙi kawai, uwargida ta ce in fita mata da shi daga tsakar gida. Buhu 15 na tsira da shi, sauran ya tafi gonar maƙwabci taki.

Sai na baza wanda ya tsira siriri a kan siminti duk ranar da rana ta leƙo, na je kasuwar Farin Gada na sayo tsofaffin buhunan albasa masu raga, na ɗura shi a ciki na jera su kan katako bisa bulo, tsakanin buhu da buhu tafin hannu. Sama kwano, gefe a buɗe iska na ratsawa. Buhun taki kar ku ma fara, ledar cikinsa tamfol ce ƙarama.

Na auna kilo 1 a sikelin mai shago, na gasa a kasko da wuta kaɗan har nauyi ya daina sauka, ya tsaya a giram 830. Ruwa kashi 17 cikin ɗari kenan, ƙasa da kashi 20, iyakar da ake so kar katakon hura wuta ya wuce.

Matsalar yanzu garin mai laushi na zubewa ta ragar, kuma jiya na ga gara ta fara gini a jikin bulo ɗaya. Na zuba toka dai, wanda ya taɓa fama da ita ya faɗa min ko tokar na riƙewa.