Sanyin Agusta da ɗakin Gwaggo

Laraba. Yau ma rana ba ta fito sosai ba.

Tun asuba garin ya tashi a lumshe, iska mai sanyi na shigowa ta taga har sai da na ja zane na rufe Auta. Rabona da kunna fanka tun farkon sati, ban ma damu da an kawo wuta ko ba a kawo ba. Sai wanda ya sha zafin Katsina a Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, a watsa ruwa tsakar gida a shimfiɗa tabarma amma barci ya gagara, shi ya san daɗin wannan wata. Yanzu da ƙyar yake wuce 30 da rana. Na dama kunun tsamiya, na soya ƙosai, yara suka ci suka fice wasa tunda ana hutun makaranta. Raina fes.

A labaran safe aka karanto hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, na kwana uku masu zuwa: gajimare, sauƙin zafi, da yiwuwar hadari mai tsawa da yamma ko cikin dare. Suka ƙara da gargaɗin da suka saba yi, cewa iska mai ƙarfi kan riga ruwan isowa. Ni dai sauƙin zafin na ji, na ce alhamdu lillahi, na ci gaba da wanke-wanke.

Bayan azahar na shiga cikin gari kai wa Gwaggo maganinta na ƙafa. Lungunsu na bayan Gobarau duk ya caɓe, sai da mai Keke ya sauke ni bakin titi na ƙarasa a ƙasa ina tattare zane. Na same ta bakin ƙofar ɗaki tana gyaran zogale. Muka gaisa, na ce ya ruwa, ta ce ruwa ya yi gyara. Sai na ce mata ai rediyo ta ce sanyin nan zai ci gaba, har ma ana sa ran wani ruwan kafin Juma'a, mu dai mun huta da zufa.

Ba ta ce komai ba sai da ta gama tsinke reshen da ke hannunta.

“Ku masu kwana ƙarƙashin kwano ke nan, ɗiyata. Ni in na ji iskar gabas ta taso, zaune nake kwana.”

Ta miƙe da ƙyar, ta ce in biyo ta. A bangon gabas na ɗakin akwai tsaga tun daga kusa da azara har ta kusa kai ƙugun mutum, yatsana ya shige ciki. Gindin bangon ya jiƙe ya yi duhu, in ka danna sai ƙasar ta lotsa. Ta janye gadonta zuwa ɗaya ɓangaren, ta jera roba biyu da tsohuwar fanteka inda rufin ke ɗiga. Ta ce tun ruwan daren Asabar abin ya buɗe haka.

Na ce, “Gwaggo, don Allah ki tattara ki dawo wajenmu zuwa ƙarshen Satumba. Ɗakin baƙi na nan ba kowa. In ruwa ya ɗauke a gyara maki nan ki dawo.”

“In bar wa wa? Awakina fa?”

Na ce a tafi da awakin.

Ta yi dariya kaɗan, sannan ta faɗi abin da ya hana ni sakat har yanzu. Ta ce ɗakin ƙasa in ba mutum a cikinsa ya fi saurin faɗuwa. Wa zai ga inda ya fara yoyo ya tara kwano? Wa zai sa yaro ya hau soro ya zaƙulo ganye da leda daga indararo kafin ruwa ya taru a sama ya yi nauyi? Wa zai buɗe ƙofa da safe iska ta shiga bango ya sha? Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, ta ga damina iri-iri a cikinsa, kuma ba ruwa mai ƙarfi na sa'a ɗaya take tsoro ba, shi yakan zuba ya wuce rana ta fito ta busar. Marka take tsoro, yayyafin nan da ke wuni ya kwana, kwana da kwanaki ba rana, ƙasa ta yi ta shan ruwa har bango ya kasa ɗaukar kansa. Wato lumshin nan da nake ta yabo tun safe, shi ne ke hana bangonta bushewa.

Ba ni da amsar da zan ba ta, don gaskiya ta faɗa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ana yaɓe ne da rani, kafin ruwan farko, don ya samu ya bushe ya kama. Wanda aka yi cikin Agusta ruwa na gaba ke wanke shi. Bana ba a yi mata ba, Kawu ya ce sai ya sayar da wake, aka yi ta ɗagawa har damina ta sauka. Amma gaskiyarta ba ta sa hankalina ya kwanta ba. Agusta ne watan da ya fi kowane ruwa a nan, kuma da sauran sati huɗu ko biyar kafin a ce damina ta ja baya. Hadarin ƙarshen damina ma ya fi zuwa da iska. Daga gabas yake tasowa, kuma bangon da ya tsage shi ne ke fuskantar gabas ɗin.

A Keke ina dawowa Jibiya ta faɗo mani a rai. Yulin 2018, ruwan dare ɗaya, mutum fiye da 40 suka rasu, gidaje da yawa suka rushe. Na san na Jibiya ambaliya ce, gulbi ne ya cika ya shiga gari, ba irin matsalar Gwaggo ba ce. Amma shi ma cikin dare ya zo, mutane na barci.

La'asar. Masu rabon maganin zazzaɓin damina na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun zo, Auta ya sha da kuka. Sauro ya yi yawa, gidan sauron ɗakin yara ya huje, na ɗinke.

Baban su ya dawo daga gona ƙafa duk taɓo, yana murna gero ya fid da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. Shi ma da na gaya mashi hasashen sai ya ce ruwan yana so, iskar ce ba ya so, don in ta kwantar da gero a wannan gaɓa an yi asara. Na ba shi labarin bangon. Ya yi shiru, sannan ya kira magininsu. Maginin ya ce yaɓe yanzu ɓarnar kuɗi ne, abin da zai yiwu shi ne a tokare bangon da itace ta waje, a shimfiɗa leda mai kauri a soron a danne da ƙasa, a haƙa 'yar hanya a gindin bango don ruwa ya daina kwanciya. Zai zo gobe da hantsi in garin ya bari.

Tuwon dare ban ci na kirki ba.

Bayan isha'i gabas ta fara walƙiya, can nesa, ba a jin tsawa tukuna. Na kira Yaya Babba na roƙe ta ta tura babban ɗanta ya kwana a zauren Gwaggo, in iska ta taso ya fito da ita zuwa ɗakin bulo na maƙwabta ko tana so ko ba ta so. Na ji muryar Gwaggo ta waya tana faɗa, wai mun mayar da ita yarinya. Ta yi ta faɗan, yaron dai ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa. Gobe da sassafe zan shiga kasuwa in sayo ledar, in kuma sake yi mata maganar tahowa, ko da za ta yi fushi da ni.