Kafin ka tace abokan Facebook, fara da lambobin da ke cikin salularka

Yawancin masu kukan cewa jama'a ta yi musu yawa a Facebook da WhatsApp da TikTok suna kama gyara ta inda bai kamata ba. Mutum zai zauna dare guda yana goge abokai, wata bai zagayo ba wasu sun cike gurbin. Tushen abin yana cikin jerin lambobin da ke salularka. Da lamba ake buɗe WhatsApp. Facebook da Instagram da TikTok kuma, in ka ba su izinin karanta lambobinka ranar da ka sauke su, da wannan jerin suke nuna maka mutane, kai ma su nuna ka gare su. Shi ya sa ɗan kabu-kabun da ya taɓa kai ka tasha kuka yi musayar lamba yake ɓullo maka cikin waɗanda ake cewa wataƙila ka sani. Wanda bai son haka ya shiga saitin kowanne ya kashe ɗaukar lambobi, ya kuma goge waɗanda aka riga aka ɗauka, don ba lallai kashewar kaɗai ta share na baya ba.

A Maraɗi da wuya ka sami ɗan kasuwar da lambobinsa ba su kasu biyu ba, na gida da na Najeriya, tunda hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano ita ce hanyar abinci. Kowace lambar Nijar a ajiye ta da +227 sannan alƙaluma 8. Ta Najeriya a sa +234 a jefar da sifirin farko. In ka kwafe ta da sifirinta yadda ake karanta ta a can, sau da yawa mutumin ba zai fito maka a WhatsApp ba, ka yi ta zaton ba ya yi. Kada a ajiye lambobi a kan sim: ɗan wuri gare shi, yana yanke dogon suna, kuma ya ɓata sun tafi. A ajiye su a asusun Google, inda akwai wurin haɗe sunan da aka rubuta sau biyu ko uku. Sai rubutun sunan kansa. Salular da ke da "Alhaji" talatin ba ta da amfani ranar gaggawa. Suna, sana'a, gari: wane mai taki, Tibiri, wance mai turaren wuta, Zariya. Ka buga "taki" kawai duk su jeru.

Sauya layi shi ne inda aka fi tafka asara ba a sani ba. Kamfanonin waya suna karɓe layin da ya daɗe ba a aiki da shi su sayar wa wani. In ka watsar da tsohon layinka haka nan, wanda ya gaje shi na iya buɗe WhatsApp ya tarar da kansa cikin gurup na danginku, domin sai asusun ya yi kwana 45 ba a taɓa shi ba sannan ake share bayanan tsohon mai shi. In kuma da wannan lambar ka buɗe Facebook, yana iya neman sabuwar kalmar sirri a turo masa ta saƙo. Saboda haka tun tsohon asusun yana kan salularka, ka yi amfani da wurin sauya lamba da ke cikin saitin WhatsApp: gurup-gurup ɗinka da hirarrakinka za su biyo ka, kuma zai tambaye ka su wa za a sanar. Daga nan ka shiga Facebook ka cire tsohuwar lambar. Mai layi biyu ba ya bukatar sauke wata manhajar bogi. Tun 2023 WhatsApp na Android yana ɗaukar asusu biyu a salula ɗaya.

Yanzu mu zo ga mutanen. Ba kowane baƙo ne ake wucewa da shi tsakar gida ba. Wani a zaure ake gaisawa a rabu lafiya, kuma ba wanda ya ce an wulaƙanta shi. Haka ya kamata a tsara abokan intanet, kuma kayan yin hakan suna nan, amfani da su ne ba a yi.

Facebook ba ya barin abokai su wuce 5,000, amma mabiya ba su da iyaka. Mai wa'azi, ko mai sayar da atamfa, ko ɗan jarida, mabiya yake bukata, ya bar gurbin abota ga waɗanda ya sani ido da ido. Matsalar da ta fi damun mutanenmu ita ce ta wanda ba ka iya ƙi: kawu, suruki, maigidanka a wurin aiki, malamin da ya koyar da kai. Ƙin karɓarsa laifi ne, za a ji maganar har wurin suna. Ka karɓe shi, ka sa shi cikin jerin taƙaitattu. Yana nan abokinka, kuna iya saƙo, amma abin da ka buɗe wa kowa da kowa kaɗai zai gani, kuma ba a sanar da shi. Wanda kuma rubutunsa ne ya gundure ka, siyasa safe da yamma, ka daina bin sa ba tare da ka cire shi ba, ko ka ɗage ganinsa na kwana 30. A ganina cirewa da toshewa a bar su ga mai cutarwa. Garin nan bai kai girman da za ka toshe mutum yau ba ku haɗu a jana'iza jibi ba.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya yi shi ne ɓoye jerin abokansa. Masu damfara suna kwafe hoton mutum da sunansa su buɗe sabon shafi, su bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya da neman abota, sannan saƙo ya biyo: "Yaya, ina asibiti, taimaka mini da jaka ashirin, gobe in mayar." In jerin a rufe yake ba su san wa za su tunkara ba. Wanda kuke abota ya sake turo nema, ko ya nemi kuɗi ta rubutu, ka kira shi ka ji muryarsa kafin ka nufi wurin tura kuɗi.

A WhatsApp, sitatus ɗinka yana zuwa ga duk wanda kuka ajiye lambar juna. Mace mai sayar da kaya daga gida, wadda kwastomomi da dillalai suka cika salularta, ta lura da wannan kafin ta ɗora hoton bikin ƙanwarta. Akwai zaɓin "sai dai ban da su wane", akwai na "su wane kaɗai". Mafi sauƙi ma ta ware layin sana'a ta sa masa WhatsApp Business, inda za ta yi wa kowace hira alama: ya biya, ana bin sa, kaya na hanya.

Gurup kuwa shi ne mai cinye forfe, wato kuɗin intanet, da lokaci. Na dangi, na fada, na tsofaffin ɗaliban makaranta, na masallaci, na ƴan layin kasuwa, kowanne yana iya ɗaukar mutum 1,024. A sashen sirri ka sauya wanda zai iya zuba ka cikin gurup daga kowa zuwa waɗanda ka ajiye lambarsu; sauran sai sun aiko gayyata, wadda ke mutuwa bayan kwana 3. Ka kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye, don bidiyo ɗaya da aka yaɗa a gurup biyar yana iya sauka sau biyar. Wanda ba ka iya fita, ka kashe ƙararsa ka tura shi ma'ajiya. Tun 2022 in ka fita admin kaɗai ake sanarwa, amma sunanka yana zama cikin jerin waɗanda suka fita har kwana 60, don haka na dangi gara ka yi sallama. Mai tallan kaya kuma kada ya tara mutane a gurup kowa yana ganin lambar kowa. Jerin aike ga mutane da yawa yana ɗaukar 256, saƙon yana isa ga kowa shi kaɗai, da sharaɗin ya ajiye lambarka. Rashin sanin wannan sharaɗi ne ke sa wasu su ce sun aika ba wanda ya amsa.

Admin ya riƙa duba abin da ake turowa. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, an kuma tsaurara ta a 2024, har da ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Saƙon muryar da ba a san tushensa ba, gogewa ya fi.

Duk wannan tsari yana rushewa ranar da aka sace asusun. Hanyar ɗaya ce kusan kullum: wani ya kira, ko ya rubuto da sunan wanda ka sani, ya ce an turo maka lamba mai alƙaluma 6 bisa kuskure, ko ta shiga wani taro ce, ka karanto masa. Wannan lambar ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka, ba a ba kowa ita. Ka kunna tabbatarwa mataki biyu, ka zaɓi lambar sirri da ba ranar haihuwarka ba, ka haɗa da imel saboda mantuwa. In ka bar salula wurin mai caji ko mai gyara, ka kulle ta, in ka karɓo ka leƙa sashen na'urorin da aka haɗa. Asusu ɗaya yana iya buɗewa a wasu na'urori 4, kuma minti ɗaya ya isa a haɗa. Wadda ba ka sani ba ka fitar da ita.

In an riga an sace, ka sake shigar da lambarka a WhatsApp, ka sa lambar da za a turo maka ta saƙo. Da ka shiga, ɓarawon ya fita. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da ita ba. A cikin kwanakin nan ka ari salular wani ɗan'uwa ka aika saƙon murya da bakinka zuwa manyan gurup ɗinku, ka ce kada kowa ya tura kuɗi da sunanka, admin kuma su fitar da lambar har ta dawo hannunka.