Launin ƙafa ya sa na soke aikin kwana uku a fadamar Nguru

Har yanzu in na buɗe littafina na ƙirgar tsuntsaye na watan Janairu sai raina ya sosu. Shafuka ne na kwana uku a fadamun Haɗeja da Nguru, duk na ja musu layi.

Tsuntsun da ya ruɗe ni shi ne wanda Turawa ke kira ruff, Calidris pugnax a kimiyyance. A arewacin Turai da Siberiya yake hayayyafa, ya ƙetaro Sahara ya yi hunturu a wurinmu, yana tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi. Hoton nan na namiji da gashi tsaye a wuya kamar rawani, ku manta da shi. Adon neman mace ne na wajen Mayu da Yuni, a can. Nan toka-toka yake zuwa.

Garke ya sauka gabana, wasu manya da ƙafa ruwan lemo, wasu ƙanana da ƙafa kore-kore. Na buɗe musu layi biyu, iri biyu ke nan a ganina. Ashe maza ne da mata! Namiji yakan kai santimita 30, mace kuwa 22 zuwa 26. Ƙafar ma ba abin dogaro ba ce: lemo, rawaya, kore-kore, duk a iri ɗaya, ga laka ta shafe rabinta, ga hazo. Wani namijin ma kansa fari fat.

Da siffa na fara dubawa, da ban sha wannan wahalar ba. Ƙaramin kai ne a kan jiki mai ɗan tumbi, baki gajere mai ɗan lanƙwasa ƙasa, gashin baya kowanne da hasken gefe kamar ɓawon kifi, iska na ɗaga shi in ya sunkuya kiwo.

Sannan a jira tashi. Za a ga farin tabo biyu a gefen wutsiya, duhun layi a tsakani, kuma shiru yake tashi. Tsuntsun da na ɗauki matan a matsayinsa, wanda Turawa ke kira wood sandpiper, Tringa glareola a kimiyyance, da kuka yake tashi, gindin wutsiyarsa fari baki ɗaya, farar girarsa ta wuce ido.

Yanzu da sassafe nake fita, rana a bayana, kuma ba na rubuta suna sai garken ya tashi ko da sau ɗaya. Ƙafa ita ce ta ƙarshe da nake kallo, ita ma da harara.