Agogunan Harrison a Greenwich

Daga tsakiyar Landan na bi Kogin Thames a jirgin ruwa zuwa Greenwich, sannan na hau tudun da aka kafa gidan duban taurari a kansa tun 1675. Baƙi sun yi cincirindo a tsakar gida suna ɗaukar hoto a kan layin da ya raba duniya gabas da yamma, wanda ya ratsa ta Tema a Gana, amma ɗakin agogunan John Harrison sai tsirarun mutane, abin da ya sosa mini rai.

Harrison kafinta ne da ya koya wa kansa ƙera agogo. A 1714 majalisar Birtaniya ta sa ladan fam 20,000 ga duk wanda ya samo hanyar da matuƙan jiragen ruwa za su san nisan da suka yi gabas ko yamma. Dabararsa ita ce agogon da zai riƙe lokacin tashar da aka baro duk da tangaɗin teku da sauyin zafi da sanyi, sai a kwatanta shi da lokacin wurin da jirgin yake, domin tazarar awa ɗaya tsakanin wurare biyu daidai take da digiri 15 na nisa gabas ko yamma.

Agogonsa na farko, H1, wanda ya kammala a 1735, har yanzu yana aiki, kuma na daɗe tsaye ina kallon sandunan tagullarsa suna lilo. Wani dattijon ma'aikaci ya yi mini bayani cikin haƙuri da sakin fuska cewa H4, agogon Harrison na huɗu, mai faɗin santimita 13 kacal, ba a barinsa ya yi ta aiki don kada haƙoransa su cinye. Shi aka kai Jamaica a 1761, ya yi lattin kusan daƙiƙa biyar kawai, amma hukumar ladan ta yi ta jan ƙafa sai da Sarki George III ya sa baki, aka biya Harrison a 1773 yana ɗan shekara 80. Nan na tuna masu gyaran agogo na kasuwanninmu, waɗanda gwanintarsu ba ta samun darajar da ta kamata.

A wani shagon kayan tarihi na taya wani agogon jirgi na ƙarni na 19 cikin akwatin katako, mai shagon ya yanka mini dubban fam ba tare da ya ɗago kai ya amsa gaisuwata ba. Ciniki bai faɗa ba. Washegari na ga H5, agogon Harrison na biyar, a gidan tarihin kimiyya na Landan, inda shiga kyauta ce.